BABI NA UKU: KALMOMIN MOTSI MARAR NIYYA A INGILISHIN YAU DA KULLUM

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda kalma kan tashi daga gidanta na asali ta tare a wani gida, wato abin da masana ilimin ma'ana ke kira faɗaɗar ma'ana. A wannan babi kuwa za a ɗora wancan bayani a kan wani rukuni na kalmomin Ingilishi, waɗanda ake amfani da su wajen ambaton motsin da jiki kan yi ba tare da mai jikin ya yi niyya ba. Irin wannan motsi shi ne kamar ƙifta ido idan ƙura ta taso, da janye hannu idan ya taɓa garwashi, da atishawa, da hamma, da shaƙuwa, da tashin tsikar jiki. Domin sauƙin bayani, za a riƙa kiran sa “motsi marar niyya” har zuwa ƙarshen babin.

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, masana kimiyyar jiki da sauran jama'a masu magana da Ingilishi ba tambaya ɗaya suke yi ba idan sun ɗauki waɗannan kalmomi. Likita yana tambaya ne ko saƙon ya biya ta wajen tunani kafin gaɓa ta motsa. Ɗan jarida da ɗan siyasa da mai sharhin wasanni kuwa suna amfani da kalmomin ne domin su yaba wa mutum ko su kushe shi. Duk mai koyo ko mai fassara da ya tsaya ga ma'anar likita kawai, to zai kawo gangar jikin magana ya bar ranta a baya.

3.1 Rabe-raben Kalmomin

Idan aka dubi inda kalmomin suka fito, ana iya kasa su gida huɗu kamar haka:

i. Kalmomin gida, waɗanda suka daɗe a bakin jama'a tun kafin kimiyyar zamani, irin su “blink” da “yawn” da “hiccup” da “flinch” da “wince” da “cringe”.

ii. Kalmomin ɗakin bincike, waɗanda likitoci da masana jijiyoyi suka yaɗa, irin su “reflex” da “knee-jerk” da “Pavlovian”.

iii. Kalmomin hali da sabo, irin su “instinct” da “gut reaction” da “second nature”.

iv. Kalmomin inji da na shari'a, irin su “automatic” da “autopilot” da “involuntary” da “automatism”.

Za a fara da kashi na biyu, domin a cikinsa ne aka fi ganin tazara tsakanin ma'anar asali da ma'anar yau da kullum.

3.2 Kalmar “Reflex”

Wannan kalma daga Latin ta samo asali, kuma ma'anarta ta farko ita ce abin da aka lanƙwasa ya koma baya, kamar yadda haske kan bugi madubi ya dawo. Masanin Faransa René Descartes, a cikin littafinsa kan halittar ɗan Adam wanda aka buga a shekarar 1662 bayan rasuwarsa, ya kawo zanen mutum a gefen wuta, ya nuna cewa zafin da ya taɓa ƙafa yana bin jijiya ya haddasa janye ƙafar ba tare da an yi shawara ba. Likitan Ingila Marshall Hall shi ne ya kafa kalmar sosai a fagen likitanci da maƙalar da ya gabatar a 1833, inda ya nuna cewa dabbar da aka datse wa kai ma tana iya motsa gaɓa idan an tsokane ta, muddin lakarta tana nan. Daga baya Charles Sherrington ya fayyace tsarin a littafinsa na 1906, aikin da ya kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel a 1932.

A taƙaice, abin da waɗannan masana suka gano shi ne, saƙo yakan taso daga fata ko tsoka ya bi jijiya zuwa laka, ita kuma laka ta mayar da umarni ga tsoka nan take, kafin labari ya kai ga tunani. Laka a nan tamkar mai unguwa ce da ya ga gobara ta tashi ya sa a kashe, daga baya ya aika wa hakimi da labarin abin da ya faru.

A bakin jama'a kuwa kalmar ta zama ta yabo, musamman a fagen wasanni. A gasar cin kofin duniya ta 1970 a ƙasar Meziko, mai tsaron gidan Ingila Gordon Banks ya ture wata ƙwallo da Pele ya buga da ka, wadda kowa ya ɗauka ta riga ta shiga raga. Irin wannan bajinta ita ce masu sharhi ke kira “reflex save”. Haka kuma ana cewa direba ko ɗan dambe yana da “quick reflexes”.

Abin lura a nan shi ne, a ma'aunin kimiyya abin da Banks ya yi bai shiga wannan aji ba. Sai da idonsa ya ga ƙwallo, ƙwaƙwalwarsa ta auna inda za ta faɗa, sannan jikinsa ya bi. Wannan martani ne mai sauri wanda horo ya gyara. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ma ta san cewa irin wannan martani yana cin lokaci, shi ya sa ta ƙayyade cewa ɗan tseren da ya motsa kafin sakan 0.1 ya cika bayan ƙarar bindiga, to ya yi riga-malam-masallaci. Da wannan doka aka fitar da ɗan tseren Amurka Devon Allen daga wasan ƙarshe na tsallake shinge a gasar duniya ta 2022, saboda na'ura ta nuna ya motsa a sakan 0.099.

Ke nan jama'a sun ɗauki sunan motsin laka sun ba wa motsin ƙwaƙwalwa, saboda abin da ya burge su shi ne saurin kawai. Wannan faɗaɗa ba ta da illa ga fahimta, sai dai tana da ɗan rashin adalci, domin kuwa tana ɓoye shekarun da ɗan wasa ya kwashe yana atisaye, ta mayar da abin tamkar baiwa ce da aka haife shi da ita.

3.3 Kalmar “Knee-jerk”

Idan likita ya zaunar da mutum ya saki ƙafarsa tana lilo, sannan ya ɗan bugi jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa da 'yar gudumar roba, ƙafar takan harba gaba da kanta. Likitocin Jamus guda biyu, Wilhelm Erb da Carl Westphal, su ne suka bayyana wannan a shekarar 1875, kowa da nasa binciken. A wajen likita wannan harbi alamar lafiya ce. Rashinsa, ko yin sa fiye da kima, shi ne ke nuna akwai matsala a jijiya ko laka ko ƙwaƙwalwa.

Sai dai da kalmar ta fita daga asibiti ta shiga jarida da majalisa, sai ta juye ta zama zagi. Tun daga wajajen tsakiyar ƙarni na 20 aka riƙa jin 'yan siyasar Amurka suna laƙaba wa abokan hamayya sunaye irin su “knee-jerk liberal”, wato mutumin da an riga an san abin da zai faɗa tun kafin a gama tambayarsa. A yau da wuya a ji kalmar ba tare da ɗaya daga cikin abokan tafiyarta ba, wato “reaction” ko “response” ko “decision”, kuma kusan koyaushe da nufin suka.

Misalin da aka fi kawowa a Birtaniya shi ne dokar karnuka masu haɗari ta 1991. A wannan shekara an sami hare-haren karnuka da suka tayar da hankalin jama'a, ciki har da wanda aka kai wa wata yarinya 'yar shekara 6 a garin Bradford. Jaridu suka yi ca, sakataren harkokin cikin gida na lokacin, Kenneth Baker, ya gabatar da ƙudiri, majalisa ta zartar da shi cikin 'yan makonni. Dokar ta haramta wasu jinsunan karnuka, ta kuma wajabta kashe duk wanda kotu ta samu yana cikinsu ba bisa ƙa'ida ba. Masu suka sun ce an hukunta kare ne bisa kamanninsa maimakon halinsa, kuma a 1997 sai da aka yi wa dokar gyara aka ba alƙalai damar yin sassauci. Tun daga nan dokar ta zama abin buga misali duk lokacin da aka ambaci “knee-jerk legislation”.

Idan aka yi wa wannan amfani nazari da kyau za a ga dabaru uku a cikinsa. Na farko, kalmar tana kwatanta abokin hamayya da gaɓa guda, wato gwiwa, wadda ita ce nesa da kai. Na biyu, tana nuna cewa wani ne ke riƙe da guduma, a misalin da ya gabata jaridu ke nan, shi kuwa mai mulki harbawa kawai yake yi. Na uku, tana nuna cewa martanin iri ɗaya ne kullum, domin gwiwa ba ta san bambanci tsakanin bugun yau da na jiya ba.

A nan ne kuma raunin kalmar yake. Wanda ya kira matakin wani da wannan suna bai kawo hujjar cewa matakin kuskure ne ba, ya dai yi magana ne a kan saurinsa. Alhali kuwa mataki yana iya zama na gaggawa kuma ya dace, kamar yadda wanda aka daɗe ana shawara a kansa yake iya zama na ɓarna. Hasali ma, harbin gwiwa na gaskiya yana daga cikin abubuwan da ke taimaka wa mutum ya tsaya daidai kada ya faɗi. Wato abin da ke kare jiki shi ne harshe ya mayar sunan wauta. Sau da yawa mai amfani da kalmar yana fakewa da ita ne domin ya guje wa muhawara a kan ainihin batun.

3.4 Kalmar “Pavlovian”

Wannan sifa ce da aka ƙera daga sunan masanin Rasha Ivan Pavlov, wanda ya sami lambar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci. A cikin wannan bincike ne ya lura cewa karnukansa kan fara zubar da yawu tun kafin abinci ya shiga bakinsu. Sai ya riƙa haɗa ba su abinci da wata alama, kamar sautin na'ura mai ƙas-ƙas ko hasken fitila, har ta kai alamar kaɗai tana sa yawu ya zubo. An fassara laccocinsa zuwa Ingilishi a 1927. Kalmar Rashanci da ya yi amfani da ita tana nufin abin da ya dogara ga sharaɗi, wanda daidai da shi a Ingilishi shi ne “conditional”, amma siffar da ta zauna a bakin mutane ita ce “conditioned”, wadda ke ba da hoton wanda aka sarrafa aka gama da shi.

Bambancin wannan da harbin gwiwa shi ne, shi harbin gwiwa da shi ake haihuwar mutum, wannan kuwa koyon sa ake yi. Saboda haka zagin da ke cikin “Pavlovian response” ya fi na baya zafi. Idan aka ce magoya bayan wata jam'iyya suna tafi ta wannan hanya, ko aka ce mutum yana zaro wayarsa ta haka da zarar ta yi ƙara, ana nufin wani ne ya horar da su kamar yadda aka horar da karnukan, har suka zama ba su da ta cewa. Kwatancin da kare yana nan kwance a ƙarƙashin kalmar ko da ba a ambace shi ba.

3.5 Kalmomin Hali da Sabo

Kalmar “instinct” ma daga Latin take, daga tushen da ke nufin zunguri ko ingizawa. A kimiyyar halittu tana nufin ɗabi'ar da dabba ke zuwa duniya da ita ba tare da an koya mata ba, kamar saƙar gizo-gizo ko ginin sheƙar tsuntsu. A maganar yau da kullum kuwa ana cewa ɗan kasuwa yana da “business instinct”, ko ɗan siyasa yana da “political instinct”, alhali babu jaririn da aka haifa da sanin ciniki ko zaɓe. Abin da ake nufi shi ne gogewar da ta yi zurfi har mai ita ba ya iya bayyana yadda yake gane abu. Ita kuwa “gut reaction” ta danganta martanin ne ga hanji, wato ciki, kuma tana ɗauke da ma'anar gaskiyar da ba a yi wa kwalliya ba. “Second nature” tsohuwar magana ce da Turawa suka gada daga Rumawa, masu cewa sabo halitta ce ta biyu.

Waɗannan kalmomi uku galibi na yabo ne, ko aƙalla na uzuri. Domin a ga yadda suke gogayya da na sashen da ya gabata, a dubi waɗannan jimloli guda biyu da aka ƙirƙira domin misali, a kan minista ɗaya da mataki ɗaya:

Misali na 1: “Closing the schools was a knee-jerk reaction by the minister.”
Ma'ana: Garaje ne kawai ya sa minista ta rufe makarantu.

Misali na 2: “The minister trusted her instinct and closed the schools.”
Ma'ana: Jikin minista ne ya ba ta, ta kuwa rufe makarantu.

A jimlolin biyu abin da ya faru ɗaya ne: an rufe makarantu da sauri ba tare da dogon nazari ba. Abin da ya bambanta shi ne matsayin mai magana. Na farko ɗan adawa ne, na biyu magoyin baya. Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman, a littafinsa na 2011, ya kasa tunani gida biyu, mai sauri wanda ke aiki da kansa, da mai nawa wanda ke buƙatar ƙoƙari. A bisa wannan rabo, abin da jimlolin biyu suka ambata duk a gida na farko yake. Harshe ne ya raba shi biyu, ya ba wa na masoyi suna mai daɗi, ya ba wa na maƙiyi suna mai ɗaci.

Kalmomin inji kuwa a tsakiya suke. “Automatic” daga Girkanci take, ma'anarta abin da ke motsa kansa. “Autopilot” sunan na'urar da ke riƙe jirgin sama ne a kan hanya, wadda Lawrence Sperry ya nuna wa jama'a aikinta a birnin Paris a 1914. Wanda ya ce ya yi aikin yini “on autopilot” yana ba da uzurin gajiya ne, amma idan aka faɗi haka a kan gwamnati ko kamfani, to zargi ne na cewa babu mai riƙe da linzami.

3.6 Kalmomin Gida

Charles Darwin, a littafinsa na 1872 a kan yadda mutum da dabba ke bayyana abin da ke ransu, ya ba da labarin wani gwaji da ya yi wa kansa a gidan namun daji na Landan. Ya kusantar da fuskarsa ga gilashi mai kauri wanda a bayansa akwai kasa, ya kuma ƙudurta cewa ko ta kawo sara ba zai motsa ba, tunda ya san gilashin ya raba su. Kasa na kawo sara sai ga shi ya yi tsalle da baya wajen yadi ɗaya ko biyu. Sanin da ke kansa bai hana jikinsa zabura ba. Irin wannan zabura ita ce “flinch”.

Abin sha'awa game da wannan kashi shi ne, a nan yabo yana ga wanda ya danne motsin. Sifar “unflinching” ana ba da ita ga jarumi, ko ga marubucin da ya faɗi gaskiya mai ɗaci bai kau da kai ba. Haka “blink”, wato ƙifta ido, ta zama alamar karaya a fagen siyasa. A lokacin rikicin makamai masu linzami na Kyuba a watan Oktoba na 1962, an ruwaito cewa sakataren harkokin wajen Amurka Dean Rusk ya kwatanta lamarin da kallon-kallo tsakanin mutum biyu, ya ce yana jin ɗaya ɓangaren ne ya fara ƙiftawa. Har yanzu jaridun Ingilishi kan tambayi wane ne zai “blink first” idan gwamnati da ƙungiyar ƙwadago sun ja daga.

Sauran kalmomin wannan kashi sun bi hanyoyi daban-daban. “Hiccup”, wato shaƙuwa, ta zama sunan 'yar tangarɗa da ba za ta daɗe ba, kuma jami'ai na son ta domin tana ƙanƙanta matsala. “Yawn”, wato hamma, ta zama sunan duk abin da ya gundiri mutane. “Wince” ita ce yamutsa fuska don zafi, amma an fi jin ta yanzu a kan zafin tsadar kaya ko na magana marar daɗi. “Cringe” kuwa, wadda tushenta a tsohon Ingilishi ke nufin faɗuwa a fagen fama, ta zama noƙewa don tsoro, daga nan ta zama jin kunya a madadin wani, har matasan wannan ƙarni suka mayar da ita sifa suna kiran duk abin kunya da ita.

Ke nan Ingilishi yana yaba wa mai “quick reflexes” saboda jikinsa ya riga tunaninsa, yana kuma yaba wa “unflinching” saboda tunaninsa ya rinjayi jikinsa. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa ma'aunin jama'a shi ne sakamakon motsin da kuma ra'ayinsu game da mai yin sa.

3.7 Kalmomin a Gaban Shari'a

Wuri ɗaya da ba a yarda da wannan sassauci ba shi ne kotu, domin a can ma'anar kalma tana iya raba mutum da 'yancinsa. A dokar Ingila ba a kama mutum da laifi a kan motsin da ba shi da iko da shi, kuma sunan wannan kariya “automatism”. A shari'ar Hill da Baxter ta 1958 an kawo misalin direban da ƙudan zuma suka afka wa yana cikin tuƙi. A shari'ar Bratty kuwa, wadda Majalisar Dattawan Birtaniya ta yanke a 1961 lokacin tana matsayin kotun ƙoli, Mai Shari'a Denning ya bayyana cewa kariyar ta shafi motsin da tsoka ta yi ba da umarnin hankali ba, kamar fizga ko jijjiga, da kuma aikin wanda ba ya cikin hayyacinsa, kamar mai tafiya cikin barci. Ya kuma ja kunne cewa mutum ya ce ya kasa danne zuciyarsa, ko ya ce bai tuna abin da ya yi ba, bai isa ya shigar da shi wannan kariya ba. A ƙasar Kanada, kotun ƙoli ta tabbatar a 1992 da sakin wani mutum da ya tuƙa mota fiye da kilomita 20 ya kashe surukarsa a 1987, saboda an gamsu cewa a cikin barci ya aikata.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, wanda ya mari wani sannan ya ce “it was just a reflex” yana iya samun uzuri a wajen abokai, amma a kotu sai an bincika ko da gaske hankalinsa ba ya tare da hannunsa.

Akwai kuma tarko a cikin kalmar “involuntary”. A maganar likita tana nufin motsin da ba a iko da shi, kamar bugun zuciya. Amma a cikin “involuntary manslaughter” ma'anar ta sauya. Aikin da mutum ya yi da saninsa ya yi shi, mutuwar da ta biyo baya ce bai nufa ba. Da wannan laifi wata kotu a Los Angeles ta kama Conrad Murray, likitan mawaƙi Michael Jackson, a 2011. Ba wanda ya ce hannun likitan ne ya motsa da kansa. Abin da aka same shi da shi shi ne mummunan sakaci wajen ba da magani mai sa barci.

3.8 Abin da Wannan ke Nufi ga Mai Fassara

Mai fassara labarai zuwa Hausa yana cin karo da waɗannan kalmomi kusan kullum. Idan ya fassara “knee-jerk reaction” da “martanin harbin gwiwa”, mai sauraro zai ɗauka maganar ciwon ƙafa ake yi. Idan kuma ya ce “martanin gaggawa” ya tsaya nan, ya zubar da zagin, har ma yana iya mayar da shi yabo, tunda gwamnatin da ta kai ɗaukin gaggawa abin a yaba mata ne. Abin da ya fi dacewa shi ne “garaje” ko “yanke hukunci ba tunani”, domin su ne ke ɗauke da suka, kuma Bahaushe ya riga ya san cewa sauri kan haifi nawa.

Bisa wannan ma'auni, ana iya ba da shawarar waɗannan daidaito: “quick reflexes” a ce zafin nama, “gut feeling” a ce jikinsa ya ba shi, “second nature” a ce abin ya zame masa jiki, “unflinching” a ce ko gezau bai yi ba, “cringe” a ce ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, “Pavlovian”, idan a fagen siyasa ne, a ce sun zama raƙumi da akala, “hiccup” a ce 'yar tangarɗa, “involuntary manslaughter” a ce kisan da ba na ganganci ba. Za a lura cewa kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta ambaci gaɓar da Ingilishi ya ambata. Tambayar da ya kamata mai fassara ya fara yi wa kansa ita ce, mai wannan magana yabo yake yi, ko suka, ko neman uzuri, ko kuwa bayanin likita ko na lauya? Amsar wannan tambaya ita za ta zaɓa masa kalma.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an kasa kalmomin motsi marar niyya gida huɗu, an kuma bi diddigin fitattu daga cikinsu tun daga asalinsu har zuwa yadda ake amfani da su a jarida da filin wasa da majalisa da kotu. An ga cewa “reflex” ta karkata ga yabo, “knee-jerk” da “Pavlovian” sun karkata ga suka, “instinct” da 'yan uwanta suna wanke mai aiki, kalmomin gida kuwa suna yaba wa wanda ya danne motsin. An kuma ga cewa kotu ce kaɗai ke ƙoƙarin mayar da kalmomin ga tsattsaurar ma'anarsu, duk da cewa ita ma tana da nata tarkon a cikin “involuntary”. Sakamakon haka, ƙamus ɗin da ya ba da ma'anar likita kawai bai wadatar da ɗalibi ba, sai ya haɗa da bayanin wanda ke faɗin kalmar da wanda ake faɗa wa da kuma manufar faɗin. A babi na gaba za a juya ga kalmomin Hausa irin su firgita da razana da zabura da faɗuwar gaba, domin a ga ko su ma suna ɗauke da irin wannan hukunci.